Keken ɗinkin Sailrite LSZ-1, bayan shekara 3 yana cikin ƙaramin jirgina

Jirgina na ruwa ƙarami ne, ƙafa 27, na faiba, ƙirar shekarun 1970, kuma filafili biyu gare shi, wato zanen nan da iska ke turawa, babban na tsakiya da na gaba wanda ake naɗewa. Ni ba mai kuɗi ba ne, duk abin da zan saya wa jirgin nan sai na juya shi a raina na wata da watanni, to shi wannan keken ɗinkin ma kusan shekara guda na yi ina kai gwauro ina kai mari kafin na saya, don gaskiya ba abu ne mai arha ba.

Abin da ya sa na yanke shawara shi ne filafilin gaba. Duk mai irin wannan filafilin ya san akwai wani yadi mai kauri da ake bi bakinsa da shi, don idan an naɗe shi ya zama shi rana ke duka ba ainihin filafilin ba. Na kai wa wani mai gyara ya sake min wannan yadin, aikin ya yi kyau a ido ba laifi, amma ko shekara 2 ba a yi ba wata rana muna tsakiyar ruwa iska ta ɗan ƙaru sai na ji fat fat fat daga gaba, ina ɗaga kai na ga yadin ya ɓalle kusan mita 2 yana kaɗawa kamar tuta. Da muka sauke na sa farce na kankari ɗinkin, wallahi zaren gari kawai yake zama a hannuna, shi kuwa yadin lafiyarsa ƙalau. Ran nan na gane abin da tsofaffin masu jirgi ke ta faɗa, rana zare take fara ci kafin ta ci yadi, kuma filafilai da yawa da ake jefarwa ba yadin ne ya mutu ba, ɗinki ne ya saki ba a kula ba har iska ta samu wurin kamawa ta yage shi.

Kamfanin Sailrite na Amurka ne, yana jihar Indiana, wani mai suna Jim Grant ya kafa shi a 1969, kuma tun asali sana'arsu ke nan, sayar wa mutane kayan da za su ɗinka filafilinsu da kansu. Lokacin da na saya keken iri biyu ne, jan shi ne LS-1, ɗinki miƙaƙƙe kaɗai yake yi, shuɗin kuma LSZ-1 yana yin miƙaƙƙe yana yin zigizag. Don Allah in dai don filafili za ka saya kar ka yi kuskuren ɗaukar jan don ka rage kuɗi, filafili da zigizag ake ɗinka shi, saboda yadin yana ɗan miƙewa idan iska ta cika shi, zigizag kuma yana bin sa ya miƙe tare da shi, ga shi ramukan allura ba sa jeruwa a layi ɗaya balle yadin ya tsage ta nan. Faɗin zigizag ɗin yana kaiwa milimita 5, wanda ya ishi jirgi irin nawa.

Amma ni abin da ya fi burge ni ƙafar keken ce. Keken gida haƙoran ƙasa ne kawai ke jan yadi, ƙafar sama tana danne da shi, shi ya sa in ka sa masa yadin Dacron mai santsi, wanda ake yin filafili da shi, ninki huɗu sai na ƙasa ya tafi ya bar na sama, ka ƙare ɗinki ka ga baki bai haɗu ba. Wannan kuwa ƙafar sama ita ma tafiya take yi, tana da nata haƙoran, ta kama ta ja tare da na ƙasa, za ka ji shi yana tak tak tak a hankali yana cinye ninkin ba tare da ka tura ba. Ranar farko na ninka ragowar Sunbrella, yadin nan mai kauri mai jure rana, har sau shida na sa masa don in gani, ya wuce kamar ba komai.

Aikin farko da na yi na gaske shi ne wannan yadin bakin filafilin. Kwana 2 na yi ina warware tsohon ɗinki, wannan ya fi ɗinkin kansa cin rai. Sannan na shimfiɗa filafilin a ƙasa mai tsabta, na yanka sabon yadi da wuƙa mai zafi don bakin ya narke kar ya riƙa zarewa, na manna shi da siririn salatif ɗin nan mai gam gefe biyu, don filafili ba a kafa masa fil, sai an manna tukuna a ɗinka. To a nan ne za ka san girman keken, tsakanin allura da jikinsa inci 7 ne kacal, wajen santimita 18, duk sauran filafilin sai ka naɗe shi tam kamar tabarma ka cusa ta wannan ɗan wurin. Ni kaɗai ban iya ba, sai da matata ta tsaya ta baya tana karɓar naɗin, ni ina ta gaba na ɗora ragowar a kafaɗa, mu ɗinka kamar kamu biyu mu tsaya mu gyara zama mu ci gaba. Layina na farko ya ɗan karkace, na uku kuwa ya miƙe sarai, kuma yau shekara 3 ke nan ko zare ɗaya bai tashi ba.

Maganar zare da allura, nan ne mutane ke ɗora wa keke laifin da ba nasa ba. Allurarsa ba irin ta keken gida ba ce, lambarta 135x17, kuma in kana aiki da zaren V-92 wanda shi aka fi amfani da shi a rumfa da rigar da ake rufe filafili da ita, allura mai lamba 20 ce daidai da shi. Ka riƙa canza ta, Dacron yana dakushe allura da wuri. Akwai kuma zaren Tenara wanda rana ba ta cin sa sam, shi na sa a wancan aikin, yana da tsada kuma santsi gare shi, sai ka zauna ka yi ta gwaji a kan ƙyalle kana juya maɓallin da ke matse zare har ɗinkin ya zauna, amma duk abin da zai kwana ya wuni a rana ni yanzu da shi nake yi, don ba na son in sake warware ɗinki ɗaya sau biyu.

Sau ɗaya na sha wahala, kuma ni na jawo. Ina ɗinkin wani lungu mai kauri sai na ga kamar ba ya tafiya, na ja yadin da hannu, allura ta lanƙwashe ta daki wani ɗan siririn ƙarfe da ke saman mazaunin bobin. Daga nan zare ya fara tsinkewa yana yin gashi-gashi duk bayan ɗan taƙi. Na canza allura, na canza zare, a banza, sai da na zauna na kalli bidiyon kamfanin a YouTube, suna da su da yawa kuma kyauta, na ciro ƙarfen na shafa da yatsa na ji ɗan kaifin da allurar ta yi masa. Na sa sabo, minti 5 magana ta ƙare. Tun daga nan ba na jan yadi, kuma kullum akwai wannan ƙarfen guda biyu a akwatina tare da ɗan fil ɗin da suke kira Posi-Pin, wanda aka yi shi don ya karye in keken ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa, maimakon wani abu ya lalace a ciki. Wannan tsarin ya yi min, komai na keken ƙarfe ne da noti, ba kwamfuta a ciki, mutum da sukudireba zai iya gyara kayansa a inda ba kowa.

Wuta kuma ba matsala, ƙaramar inbata tana ɗaukar sa daga batirin jirgi, sai dai ka duba ko mai wutar bolt 110 ne ko mai 220 kafin ka biya. Ni na ƙara masa babbar tayar juyi ta gefen keken da suke kira Monster II, nauyinta wajen kilo 3, tana da mariƙi, to ko ba wuta sai ka juya da hannu. Mun taɓa kwana a kan anka, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi, batir ya yi ƙasa, madaurin rumfa ya tsinke, na ɗora keken a teburin ciki na juya da hannu na gama kafin duhu. Abu ɗaya dai, iskar teku gishiri ce, ka riƙa ɗiga masa mai kana rufe shi, in ba haka ba tsatsa ba ta da sabo.

Sai dai kar wani ya saya da tunanin zai mai da tsohon filafili sabo. In yadin ya riga ya saki ya yi tumbi, ko ka sa yatsa ka ga yana yagewa kamar takarda, babu ɗinkin da zai cece shi. Kusurwoyin filafili ma inda ninki ya taru da ɗamara da zobe, wani wurin ko shiga ƙarƙashin ƙafar ba zai yi ba, dole ka koma allurar hannu. Ga nauyi, da akwatinsa ya kai kilo 20, sauke shi daga jirgi zuwa ƙaramin kwalekwale sai da dabara, kuma bobin ɗinsa ƙarami ne, da zare mai kauri nan da nan ya ƙare, ni guda 6 nake naɗewa kafin in fara.

In facin shekara-shekara kawai kake yi, allurar hannu da salatif ɗin gyaran filafili sun ishe ka, ka bar kuɗinka ka sayi anka mai kyau. Amma in jirginka tsoho ne irin nawa, rigar filafili ta mutu, rumfa ta mutu, kushin sun yage, to ka lissafa abin da za a caje ka a kan waɗannan duka ka gani. Ni a aiki na uku na san kuɗina sun dawo. In ka samu na hannu mai lafiya ka ɗauka, kayan gyaransa ana samu, ko ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku masu jirgi, don ba kullum ake ɗinki ba. Nawa yanzu haka yana wurin maƙwabcina yana sake zif ɗin rumfarsa, in ya dawo da shi jakar filafilin gaba ce a layi.