Hattara da masu tallar "haɗa farantin sola da hannunka"

Jama'a, akwai wata talla da ta cika Facebook da WhatsApp da YouTube, wai da 'yan kayan da ba su taka kara sun karya ba za ka haɗa farantin sola a gida, ka kunna firji da fanka da talabijin, ka yi ban kwana da kuɗin wuta. Wasu littafin koyarwa suke sayarwa, wasu bidiyo, wasu kuma kwalin kayan haɗi: sel-sel ɗin sola (ƙananan fallayen da ke mayar da hasken rana wuta), da siririn wayar da ake like su da ita, da dalma, da dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai). Haɗa faranti da hannu abu ne da ake yi, kuma yana ba da wuta. Ha'incin yana cikin yawan wutar da suke alkawari da kuma irin kayan da suke turowa, kuma yawancinsa tef ɗin awo da mita ta masu gyaran lantarki sun isa su tona shi.

A fara da lissafin da mai talla ba ya son ka yi. A tsakar rana, sama garau, hasken da ke sauka kan murabba'in mita ɗaya bai wuce kimanin wat 1,000 ba, kuma da wannan adadi ne masana'antu ke auna farantinsu, a zafin digiri 25. Faranti mai kyau na kasuwa yana mayar da kashi 18 zuwa 23 cikin ɗari na hasken ne kawai zuwa wuta. Ke nan murabba'in mita ɗaya yana ba da kimanin wat 200. To ka ga faranti mai tsawon santimita 100 da faɗin 50, an manna masa takarda an rubuta wat 300. Rabin murabba'in mita ne, hasken da ke faɗa masa gaba ɗaya wat 500 ne, abin da zai iya fitarwa bai wuce 115 ba. Kafin ya ba da 300 sai ya mayar da kashi 60 cikin ɗari, alhali tun 1961 masana kimiyya Shockley da Queisser suka nuna cewa sel mai mahaɗa ɗaya, wato irin na silikon da aka saba sayarwa, ba zai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba ko da ba shi da aibi ko ɗaya. Takardar da aka manna ba ta ƙara wa rana ƙarfi.

Haka lissafin yake a kan sel guda. Sel mai faɗin milimita 156 kowane gefe yana ba da wat 4 zuwa 4 da rabi. Duk wanda ya rubuta maka wat 8 a kan irinsa, ka san da wa kake ciniki. Rabinsa, wanda aka fi sakawa a kwalin kayan haɗi mai inci 3 da inci 6, yana ba da kimanin wat 1.8. Guda 36 ake jerawa, a samu wajen bolt 18 (ƙarfin turin wutar) da amfiya 3 da rabi (yawan wutar da ke gudana), wato wat 63. Ka ba shi awa biyar na rana mai ƙarfi, ka cire asarar zafi da ta waya da ta batir, abin da zai rage maka a yini bai fi ƙarfin kunna ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa biyar ba, da ɗan cajin waya. Wannan shi ne abin da ake ce maka zai ɗauki gida.

Babban siddabarun da suke yi a bidiyo kuwa shi ne nuna bolt a ɓoye amfiya. Kowane sel na silikon, babba ne ko ɗan ɓarɓashi kamar farce, yana ba da kusan rabin bolt idan yana aiki, 0.6 idan ba a ɗora masa kaya ba, wato ba a jona masa abin da ke cin wuta ba. Girman sel ba ya ƙara bolt, amfiya yake ƙarawa. Saboda haka mutum zai jera ɓaraguzan sel 36, ya ɗora mita, ta nuna 21, ya juyo da fuskarta ga kyamara yana murmushi. Gaskiya ne 21 ɗin, amma ko fitilar mota ba za ta kama da shi ba. Ka lura da kyau, ba za ka ga ya murɗa mitar zuwa wurin amfiya ba. Wat shi ne bolt sau amfiya, wanda ya nuna maka ɗaya ya ɓoye ɗaya bai nuna maka komai ba.

Masu bidiyon faifan CD da aka naɗe da jan waya aka jera masa dayod, da masu yin irin wannan da reza, waɗannan ba sai an ɓata lokaci a kansu ba. CD roba ce da ɗan shafen alminiyam, babu abin da ke mayar da haske wuta a jikinsa, in ka ga ƙwai ya kama to akwai batir a ƙarƙashin tebur. Na farantin jan ƙarfe da ake ƙonawa a tsoma cikin ruwan gishiri yana ɗan motsa mita, amma wutarsa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na amfiya guda ba, gwajin aji ne na ɗalibai. Sel na gaske daga tataccen silikon ake yin sa, wanda ke narkewa a digiri 1,414, sannan a yanka shi siriri a masana'anta. Babu mai yin sa a ɗaki. Abin da ake yi a gida jera sel ɗin da aka riga aka ƙera ne kawai.

Wurin da aka fi cutar mutane shi ne sel ɗin kansu. Kaurin sel bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, yana karyewa kamar ɓawon ƙwai. Masana'anta tana tace su: masu lafiya su tafi cikin faranti, masu tsaga da masu raunin wuta da waɗanda zanen azurfarsu ya yanke a ware su gefe. Waɗannan na gefen ne 'yan damfara ke kwasowa su rubuta musu "daraja ta ɗaya". Wata tsagar ido ba ya ganin ta, a masana'anta sai an tura wa sel wuta a cikin duhu an ɗauke shi da kyamara ta musamman kafin ta bayyana. Kai kuwa sai ka ɗora ƙarfen dalma mai zafi a kai ka ji ƙas, ya rabe biyu. Wasu ana tsoma su cikin kakin zuma don kada su fashe a hanya, wannan dabara ce da aka sani, amma kakin yana rufe tsaga, kuma wanke shi da ruwan zafi wani aiki ne da ke ƙara karya wasu.

Abin da ya sa wannan ya fi muni: ana haɗa sel ne kai da wutsiya, waya ta tashi daga fuskar wannan ta shiga bayan na gaba, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. Sel mafi rauni shi ke yanke wa sauran hukunci. Idan 35 suna iya ba da amfiya 3 da rabi, ɗaya kuma 2 kawai yake iyawa, farantin gaba ɗaya ya koma kusa da 2. Bai tsaya nan ba, raunannen nan sai ya koma cin wutar 'yan'uwansa, ya yi zafi fiye da kowa, ya ƙona abin da ke bayansa. Don haka kwalin da ya zo da sel masu girma daban-daban ko launi daban-daban, ko wanda aka sayar da nauyi a ce "fasassu ne amma suna aiki", asara ce tun kafin ka fara.

Gwajinsa ba wuya, haƙuri yake so. Ka fito da su rana tsaka, ka sa mita a wurin amfiya 10, baƙar waya a kan farin layin da ke fuskar sel, jar waya a bayansa, ka rubuta abin da kowanne ya nuna. Mai milimita 156 ya kamata ya doshi amfiya 8, rabinsa ya doshi 3 da rabi zuwa 4. Wayoyin mita masu tsawo da siranta suna rage adadin saboda bolt ɗin sel guda kaɗan ne, don haka kada ka damu in duk sun ɗan gaza. Bambancin da ke tsakaninsu ne abin dubawa. Wanda ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa da fiye da kashi 10 cikin ɗari, cire shi. In ka cire shida ko bakwai daga cikin 36 ko 40 da aka turo, ba ka da faranti. Ka kuma duba fararen layukan nan, in sun yi baƙi-baƙi ko rawaya, tsofaffin ajiya ne, dalma ba za ta kama su da kyau ba, wayar za ta ɓalle bayan 'yan watanni na zafin rana da sanyin dare.

Sai maganar rufi, wadda littattafan nan ke tsallakewa da gangan domin ita ce ke rusa alkawarinsu na araha. Farantin masana'anta ana shimfiɗa shi ne hawa-hawa: gilashi mai tauri na milimita 3.2, sai robar EVA, sai sel, sai wata EVA, sai takardar baya. Ana gasa su a na'ura mai zuƙe iska a wajen digiri 140 zuwa 150 har su zama abu ɗaya da ruwa ba ya shiga. Shi ya sa ake ba shi garantin shekara 25. Littafin zai ce ka yi akwatin katako, ka rufe da farar roba mai kama da gilashi, ka like gefe da gam. Iskar da ka kulle a ciki tana da laima. Da safe za ka ga raɓa ta kwanta a cikin rufin, ta diga kan wayoyi, su yi kore, mahaɗa su ci. Gam ɗin like gilashi mai warin tsami ma da kansa yana cin ƙarfe yayin da yake bushewa. Masu cewa a kwarara ifoksi (wani ruwan gam mai daskarewa) a kai kuma, rana tana mayar da shi rawaya ya tare haske, kuma ba ya miƙewa tare da sel idan an yi zafi, sai ya tsage su. Akwai ruwan rufi na gaske da ake amfani da shi, irin Sylgard 184, amma in ka haɗa kuɗinsa da na gilashi da firam ɗin alminiyam, sau da yawa ka zarce kuɗin sabon faranti mai wat daidai da naka. Wanda ya manna garantin shekara 25 a kan kwalin warwatsattsun sel, romon baka ne, babu wanda zai karɓi koke a kan abin da kai ka haɗa.

Akwai kuma haɗarin gobara, kuma wannan ba wasa ba ne. Mahaɗar da ba ta kama da kyau ba tana zafi. Wutar sola ba irin ta gida ba ce mai kai da komowa, in ta yi tartsatsi tsakanin wayoyi biyu ba ta saurin mutuwa da kanta, musamman in an jera faranti da yawa bolt ya hau. Ka haɗa wannan da busasshen katako a kan rufin ɗaki. Faranti na ƙwarai yana da dayod na kewaye, ɗaya ga kowane sel 18 zuwa 24, don in inuwa ta rufe wani sashe wuta ta zagaye shi. Kwalaye da yawa dayod ɗaya tak suke zuwa da shi, wanda ke hana batir mayar da wuta da dare, su bar ka da zaton ka kammala.

Wasu 'yan damfarar sun gane mutane sun fara gajiya da haɗawa, sai suka koma sayar da "wanda muka haɗa da kanmu". A irin wannan ake samun sel na bogi, hoto ne kawai aka buga aka jera tsakanin na gaske don faranti ya yi girma. Ƙirga sel ɗin ka ninka da 0.6, ya kamata ya yi kusa da bolt ɗin da mita ta nuna ba tare da kaya ba (in ba irin sabbin nan masu rabin sel ba ne, waɗanda ake haɗa su gida biyu, sai ka raba adadin biyu tukuna). Sannan ka haɗa shi da batir ta cikin mita, ka riƙa rufe sel ɗaya bayan ɗaya da kwali na 'yan daƙiƙu. Na gaske in ka rufe shi wuta za ta faɗi warwas. Wanda ka rufe mita ba ta ko motsa ba, ado ne. In kana son sanin wat na gaskiya, ninka bolt ɗin da ba kaya da amfiyar da ka samu da ka haɗa wayoyin biyu ta cikin mita, ka ɗauki kashi uku cikin huɗu. Bolt 21 da amfiya 3 ya ba ka wat 47, ko me aka rubuta a baya.

Kwantirolar da ake haɗawa a kwalin, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga faranti, ita ma a duba ta. Da yawa an rubuta musu MPPT (mai tatso wutar faranti sosai) alhali PWM (ta gama-gari mai araha) ce a ciki. Ta gaske tana da nauyi, in ka buɗe za ka ga ƙaton zobe da aka naɗe da jan waya mai kauri, kuma amfiyar da ke fita zuwa batir takan fi wadda ke shigowa daga faranti. Ta bogi shafal take, bolt ɗin faranti yana faɗowa daidai da na batir, abin da ya shiga shi ke fita. Wayar ma ka kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Kafin ka biya, ka nemi mai sayarwa ya faɗa maka girman sel da milimita, da amfiyarsa, da adadinsu, a rubuce. Ka nemi bidiyon da ya ɗora mita a wurin amfiya a cikin rana, yana ambaton ranar da ya ɗauka. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa saura kwali uku, rangwame zai ƙare yau da dare, ka tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum, sayen kifi a ruwa yake so ka yi, kuma da kuɗin sun shiga lambar za ta daina shiga. Hotunan da ke shafinsa ka saka su a binciken hoto na Google, sau da yawa za ka tarar na wasu ne aka kwaso. In za ka saya, ka biya ta hanyar da ke riƙe kuɗi har kaya su iso, ka ɗauki bidiyon buɗe kwalin tun daga yanke tef ba tare da tsayarwa ba, ka gwada sel ɗin a ranar ko washegari, ka shigar da koke kafin wa'adin mayar da kaya ya cika. Kada ka ɗora dalma a kan ko ɗaya sai ka gama gwada su duka, domin da zarar ka like waya mai sayarwa zai ce kai ka fasa su.