GARGAƊI ga masu neman fawa bayik a Abuja: ku yi hattara da wani mai tallan MT-07 da Z650

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk mai niyyar sayen babban mashin a garin nan ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani bawan Allah da ke yawo a guruf-guruf na Facebook da WhatsApp yana cewa shi mai shigo da mashina ne daga Amurka, hotuna masu kyau, bidiyo ana murza totur, murya mai sanyi, kowace magana da "in sha Allah Alhaji". Ba zan kama suna ba don maganar tana hannun hukuma, kuma ma sunan ba shi da amfani tunda canza shi yake kamar riga. Yadda yake aikin nasa shi ne abin da ya kamata ku gane.

Kayan da yake talla su ne irin matsakaitan mashinan nan marasa riga, wato waɗanda ba a rufe musu inji da roba ba, irin su Yamaha MT-07 da Kawasaki Z650 da Suzuki SV650. Ya san abin da yake yi, domin su ne kowa ke nema yanzu. Mutum ya gaji da go-sulon Nyanya da Mararraba, fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, yana son abin da zai je ofis da shi ranar Litinin kuma ya ɗan sha iska da shi ranar Asabar. Gaskiya kuma mashinan sun dace da hakan. Zamansu a miƙe yake ba irin kwanciyar nan ta mashinan tsere da ke kashe wuyan hannu da baya ba. MT-07 injinsa cc 689 ne, silinda biyu, ƙarfin doki saba'in da 'yan kai, nauyinsa da mai a ciki kilo 180 da ɗan wani abu, ƙarfinsa kuma tun daga ƙasa yake fitowa ba sai ka kai inji ƙarshe ba, shi ya sa a cikin gari daga danja zuwa danja ba ka yawan wahalar canza giya. Z650 shi cc 649 ne, kujerarsa ta ɗan fi ƙasa, gajerun mutane irina mun fi samun natsuwa a kai.

Hanyarsa ta farko tsohuwa ce, cinikin biri a sama. Zai ce mashin yana tashar ruwa a Legas saura kuɗin kwastam kawai, ka ba da kafin alƙalami a fito da shi, ga wasu mutum biyu suna layi in ba ka turo yau ba. Farashin kuma ya yi ƙasa da na kasuwa sosai yadda hankalinka zai tashi. Kana turawa sai a ce kwantena ta makale, sai a ce direban tirela ya samu matsala a Lokoja, daga nan waya a kashe. Akawun da yake bayarwa ma ba sunansa ba ne, wai na yaron shagonsa. Wannan kowa ya san ta, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba.

Ta biyun ce ta sa na zauna rubutun nan, don ita akwai mashin a ƙasa, za ka gan shi ka taɓa shi har ka hau. Wani ƙaninmu da ke aiki a Garki ya saya a hannunsa a matsayin Z650 na 2019, an haɗu a wani gidan mai a Gwarimpa da magariba, an ce ya ɗan zaga cikin layi ya dawo, inji lafiya lau, sauti mai daɗi, ya biya. Da ya hau titin filin jirgi ya wuce gudun kilomita 100 a awa sai kan mashin ya fara kaɗawa hagu da dama kamar zai ƙwace daga hannunsa, Allah ne ya kiyaye don ba don haka ba da wani labarin ake. Washegari muka kai shi Apo wajen wani dattijon bakanike da ya daɗe yana taɓa irin waɗannan. Baba bai ma tada inji ba, ya durƙusa ya haska tocilan wayarsa a wuyan firam, ya goge ƙura da babban yatsa, ya ce "yaro, wa ya ce maka wannan Z ne? Ninja ce aka tuɓe mata riga."

Ga yadda abin yake. Daga 2017 Kawasaki Ninja 650 mai riga da Z650 mara riga inji ɗaya ne firam ɗaya, bambancin riga ne da fitila da kai da 'yan wasu abubuwa. Haka Honda CBR650R da CB650R, haka Yamaha R3 da MT-03. To idan mai riga ya yi hatsari a ƙasar waje robar gaba ce ke fara farfashewa, inshora ta yi gwanjonsa da araha, sai irin su mutumin nan su sayo, maimakon su sayi sabuwar riga mai tsada sai su cire sauran gaba ɗaya, su ɗaura fitilar kasuwa, su manna sitika, su ce maka ai dama haka kamfani ya yi shi. Kai kuma da ka san mashin mara riga kake nema ba za ka yi mamakin ganin inji a waje ba. A nan dabarar take.

Abin da Baba ya nuna mana da idonmu, lambar shasi bayan haruffa uku na farko EX ce, kuma EX ta Ninja ce, Z650 ER take ɗauka. Ɗan ƙarfen nan da ke tare kan mashin kada ya juya ya daki tanki ya karye a ɓangaren dama an yi masa walda an shafa baƙin fenti, fentin ma bai gama bushewa da kyau ba farce na kankare shi. Kunnuwan da ake ɗaure riga a jiki an yanke wasu da garanda an bar wasu a banza ba abin da suke riƙewa. Wayoyin bayan fitila an cusa su an naɗe da salatif. Da ya ɗaga gaban ya juya taya sai ga shokozoba ɗaya ta ɗan lanƙwashe, lagireto ma ya lotsa daga gefe. Fitilar ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an danne birki, ko da aka kunna makulli ba ta kawo ba sam, alhali a lafiyayyen mashin mai ABS tana kawowa ne sannan ta ɗauke bayan ka fara tafiya, ma'ana an kashe ta ne don kada ta tona asiri. Baba ya ce inji kam mai kyau ne, amma shi ko kyauta aka ba ɗansa ba zai bar shi ya hau Hawan Kibo da wannan firam ɗin ba.

Da aka kira mutumin sai cewa ya yi "ai an gani an yaba kafin a biya", daga baya ya yi blokin kowa. Rasit ɗin da ya bayar adireshin shago ne a Zuba, an je babu shagon, mai shayi ne a wajen.

Bayan maganar ta fita wani ɗan uwa daga Kubwa ya turo mana hoton mashin da aka so sayar masa a matsayin MT-07, lambar waya daban amma muryar ɗaya ce a saƙon murya. Kallo ɗaya aka yi aka gane MT-03 ne aka canza wa sitika. MT-03 ba mugun mashin ba ne, don mai koyo ma ya fi, amma cc 321 ne, ƙarfin doki wajen 42, ina shi ina kuɗin MT-07. In ba ka san su ba duba tayar gaba, MT-07 faifan birki biyu gare shi hagu da dama, MT-03 ɗaya ne. Duba lambar faɗin taya da ke rubuce a jikin tayar baya, na MT-07 180 ne, na MT-03 140. Sannan a Amurka kafin 2018 sunan mashin ɗin FZ-07 ne, don haka wanda ya ce maka daga Amurka ya kawo MT-07 na 2015 da sitikar MT a jiki, tambaye shi wa ya canza robar kuma me ya sa. Lambar shasi harafi 17 ce, a kayan Amurka na goma shi ke faɗin shekara, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. Na ƙaninmu da aka ce 2019 ne H muka gani.

Daga zancensa ma za ka gane shi in ka taɓa hawa. Yana rubuta wai mashin na gudun kilomita 280 a awa kuma shan mansa kamar Boxer. Haba malam. Irin waɗannan in sun ƙure 200 ne da ɗan wani abu, kuma tunda ba gilashi ba riga, daga 120 zuwa sama iska a ƙirjinka take sauka, kafin ka kai Keffi a haka wuyanka ya gaya maka. Mai kuwa, tankin MT-07 lita 14 ne, in kana tafiyar hankali za ka samu kilomita 20 da wani abu a lita, ya fi mota nesa ba kusa ba amma ba Boxer ba ne. Ba zai gaya maka zafin da inji ke hura wa ƙafa a go-sulo cikin watan Maris ba in fanka ta tashi, ko cewa kujerar baya 'yar ƙarama ce uwargida ba za ta yarda ta hau sau biyu ba, ko cewa tayoyin na kwalta ne, layin unguwa mai taɓo da damina sai ka bi a sannu. Mai sayarwa na gaskiya shi zai fara faɗa maka waɗannan.

Sai takardu. Tun 2006 aka hana acaba a cikin birnin Abuja, mashin ɗinka na kanka ne ba na haya ba amma in an tare ka takardu ne za su yi magana. Na ƙaninmu lambar da ke jikin takardar kwastam ba ta yi daidai da ta jikin firam ba, harafi biyu sun bambanta, yanzu ga mashin a ajiye a Apo, ba ya hawuwa kuma ba ya sayuwa.

Don haka in za ka saya, a haɗu da rana tsaka ba da magariba ba, a garejin bakaniken da kai ka zaɓa, inji a sanyaye kafin a tada, ka ɗauki hoton lambar shasi da ta inji ka gwada da takardu harafi bayan harafi, kuma sunan da ke akawun ya zama shi ne na katin shaidar wanda ke tsaye gabanka. In ya ce sauri yake ka bar shi ya tafi. Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsa kada ya goge hirarsu, ya adana saƙon murya da alat ɗin banki, ya sanar da bankinsa nan take sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Jabi, yawan masu ƙara shi ke sa a ɗauki magana da muhimmanci.

Na ji an ce a satin nan ya buɗe sabon shafi yana tallan CB650R ja, wai matarsa ce za a yi wa aiki shi ya sa zai karyar. CB650R silinda huɗu ne, bututu huɗu ke fitowa daga gaban inji a jere, ku ƙirga su a hoton kafin ma ku kira lambar. Dan Allah a tura wa 'yan Jos da Kaduna su ma, don ya fara cewa yana kai kaya har gida.