Kwantena, bulo ko katako: auna filinka kafin ka zaɓi shagon kayan lambu

Mai son buɗe ƙaramin shagon sayar da dashe, iri, taki da kayan aikin lambu yakan fara da tambayar wane irin ɗaki zai saya. A ganina wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce: nawa ne faɗin wurin, kuma nawa zai rage wa shuke-shuke bayan ɗaki ya zauna? Shagon kayan lambu ba kamar sauran shaguna ba ne, domin hajarsa mafi jan ido ba ta rayuwa a kulle. Iri da taki da fartanya suna son ɗaki mai bushewa da kwaɗo. Dashe kuwa yana son haske, iska da ruwa. Duk mitar da ka ba ɗaki, daga wurin dashe ka cire ta.

Bari mu ɗauki fili mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6 mu yi aiki da shi har ƙarshe. Faɗin ƙasarsa 8 sau 6, wato murabba'in mita 48. Kada ka dogara da abin da ke rubuce a takarda ko abin da mai wuri ya faɗa. Ka je da tef, turaku huɗu da igiya. Tef ɗin ƙarfe na mita 5 ya ishe ka awon ƙofa da kantar jera kaya, amma awon fili yana buƙatar dogon tef na mita 30, don jona gajeren tef sau biyu sau uku yana tara kuskure. Na'urar awo mai amfani da hasken leza tana da daɗin aiki a cikin ɗaki, sai dai a tsakar rana da wuya ka ga ɗigon haskenta, kuma a filin da babu bango ba ta da abin da za ta haska.

Bayan ka auna gefuna huɗu, sai ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. In filin 8 da 6 ne daidai, kusurwoyinsa kuma a miƙe suke, wannan layi zai ba ka mita 10 cif, ɗayan layin ma haka. Ƙa'idar 3, 4, 5 ke nan da magina ke amfani da ita, an ninka ta biyu. In layukan biyu suka saɓa, filin a karkace yake, kuma ɗaki mai kusurwa huɗu zai bar maka wani ɗan lungu mara amfani a bayansa. In kuwa gefe ɗaya mita 7 ne, wanda ke fuskantarsa kuma suke tafiya a jere mita 9, tazarar da ke tsakaninsu mita 6, sai ka haɗa 7 da 9 ka raba biyu, ka ninka da 6. Nan ma 48 ne, amma ba irin 48 ɗin farko ba, saboda abin da ya shiga wancan ba lallai ya shiga wannan ba.

Akwai tarkon da ya kamata a kauce masa tun kafin a fara kwatanta kaya. Wasu masu sayarwa da ƙafa suke magana, wasu da mita. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, mita ɗaya kuma ƙafa 3.28. Amma a lissafin faɗin ƙasa, murabba'in mita ɗaya murabba'in ƙafa 10.76 ne. Ɗakin da aka ce maka 10 da 10 ne a ƙafa, murabba'in ƙafa 100 ke nan, wato kusan murabba'in mita 9.3. Wanda ya raba 100 da 3.28 zai ɗauka ya sami mita 30, ya yi ta shirin zuba kayan da wurin ba zai ɗauka ba.

To, kwantena. Ita ce mutane suka fi saurin kaiwa gare ta, kuma da dalili: ƙarfe ce mai kauri, tana kulluwa gam, ana sauke ta yau a fara ciniki gobe, in haya ta ƙare a ɗauke ta. Girmanta ba na kintace ba ne, domin ƙa'idar duniya ce ta tsara shi. Mai ƙafa 20 tsawonta daga waje mita 6.06, faɗi 2.44, tsayi 2.59. Daga ciki kusan 5.9 da 2.35 ne, wato ƙasa ta kusan murabba'in mita 13.9. Duba abin da wannan ke nufi a filinmu. A gefen mita 6 ba za ta shiga ba, santimita 6 kacal suka hana ta. Dole ta kwanta a gefen mita 8, inda za ta bar ƙasa da mita 2 a gabanta. Ƙyaurenta biyu ne, kowane ya haura mita ɗaya, saboda haka wannan ragowar wurin buɗe ƙofa ne, ba za ka ajiye ko tukunya ɗaya a can ba. Jikinta ya ci kusan 14.8, gaban ƙofa ya ci kusan 4.7, abin da ya rage wa dashe bai kai 29 ba.

Cikinta kuwa tana da kyawun tsari ga mai son kafa kantar jera kaya. In ka kafa kanta mai zurfin santimita 50 hagu da dama, hanyar tsakiya za ta zama mita 1.35, wadda ta isa mutum biyu su wuce juna. Kanta mai tsawon mita 5, hawa huɗu, gefe biyu, ta ba ka wurin ajiya na murabba'in mita 20, fiye da ƙasar kwantenar kanta. Matsalarta zafi. Ƙarfe a rana yana gasa abin da ke ciki, da dare kuma raɓa takan taru a rufinta ta ɗiga. Iri ba ya jure zafi da laima, ƙarfin tsirowarsa raguwa yake yi, takin zamani irin yuriya kuma yana jan laima ya dunƙule. Wanda zai sayi kwantena ya sa kuɗin rufi na biyu a samanta, tagogin iska da silin a cikin lissafinsa, ya kuma tuna cewa duk abin da ya lulluɓe bango da shi daga ciki zai rage faɗin nan na 2.35. Babu kaya a cikinta ma nauyinta ya haura tan biyu, don haka sai ka auna hanyar da motar da za ta kawo ta za ta bi, da wayoyin lantarki da rassan da ke sama. Akwai mai ƙafa 10, tsawonta kusan mita 3, kuma ga fili irin namu ita ta fi dacewa, in an same ta.

Ginin bulo ya fi sanyi, ya fi daɗewa, kuma kai ke zaɓar girmansa. Sai dai bango yana cin wuri, abin da mutane da yawa ba sa sa wa a lissafi. Ɗaki 3 da 3 daga waje murabba'in mita 9 ne. Da bulo mai kaurin santimita 15, ciki ya koma 2.7 da 2.7, wato 7.29. Da mai kaurin santimita 22.5 ya koma 2.55 da 2.55, kusan 6.5, tun kafin a yi filasta. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a bango. Saboda haka in magini ya ce maka "uku da uku", tambaye shi daga ciki ne ko daga waje.

Siffar ɗakin ma tana taɓa aljihu. Ɗaki 4 da 4 da ɗaki 8 da 2 duk ƙasarsu 16 ce, amma kewayen na farko mita 16 ne, na biyu mita 20. Mita huɗu na ƙarin bango ke nan da za ka biya. Ba asara ce zalla ba, tunda a jikin bango ake kafa kanta da rataye shebur da manjagara, amma ya kamata ka san abin da kake saya. Ƙirga bulo ba shi da wahala. Ɗakinmu na 3 da 3 kewayensa mita 12, in tsayin bango 2.7 ne ya zama 32.4. Cire ƙofa mai 0.9 da 2.1 da taga mai mita ɗaya da ɗaya, saura kusan 29.5. Bulo mai fuskar santimita 45 da 22.5 guda goma ke rufe murabba'in mita ɗaya, mai fuskar 40 da 20 kuma sha biyu da rabi. Da na farko kana buƙatar kusan 295, ka ƙara wasu saboda fashewa, ban da na harsashi. Daɓen kankare mai kaurin santimita 10 a ƙasar 3 da 3 zai ci kubik mita 0.9, wato tsawo sau faɗi sau kauri, kwatankwacin lita 900. Illar bulo ɗaya ce amma babba: ba ya tashi. A filin da ba naka ba, ban ga hikimar zuba shi ba sai da yarjejeniya mai tsawo a rubuce.

Ɗakin katako yana tsakanin biyun. Bangonsa siriri ne, ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, ana iya kwance shi. Dabarar a nan ita ce ka bi girman fallen katako, wanda galibi ƙafa 4 da 8 ne, wato mita 1.22 da 2.44. Ɗaki mai ƙafa 8 da 12 zai ci falle uku a ƙasa ba tare da an yanke ko ɗaya ba, ya ba ka kusan murabba'in mita 8.9. In ka dage sai 3 da 3, falle uku ba za su isa ba, na huɗu kuma yawancinsa guntaye zai zama. Abokan gabarsa gara da ruwa ne, kuma wuri ne da ake ban ruwa kullum, don haka dole a ɗaga shi daga ƙasa a shafa masa magani.

Ɗakunan kwano da ake sayarwa a kwali a zo a haɗa su ne mafi sauƙin kafawa. Abu biyu zan ce a kansu. Girman da ake rubutawa sau da yawa na rufi ne har da bakinsa da ya leƙo waje, don haka ka nemi awon ƙasa daga ciki. Kwanon kuma siriri ne, ba ya ɗaukar kanta mai nauyi, ba ya tsayar da ɓarawo.

In da ni zan zaɓa a wannan fili, ƙaramin ɗaki zan yi, kwatankwacin 3 da 3, in zuba ƙarfina a rumfar dashe. Ɗakin ya zauna a kusurwa, gefensa akwai wani 3 da 3 na buhunan ƙasa da manyan tukwane, gaba kuma fili 5 da 6, murabba'in mita 30. Nan ne cinikin yake, nan kuma awo ya fi amfani.

Hannun mutum yana kai wa kusan santimita 60 ba tare da ya jingina kan shuka ba. Shi ya sa bencin jikin katanga ba zai wuce 60 ba, na tsakiya da ake zagayawa kuma 120. A faɗin mita 5 sai ka jera: benci 0.6, hanya 1.3, benci 1.2, hanya 1.3, benci 0.6. Ya cika daidai. A faɗin mita 6 kuwa, in ka cusa benci biyu a tsakiya, hanyoyi uku za su koma santimita 80 kowace. A takarda wannan ya fi riba, tunda benci ya ci kashi 60 cikin ɗari maimakon 48. A aikace baro ba zai juya ba, mai keken guragu da ke buƙatar aƙalla santimita 90 ba zai shiga ba, ganyen da ya leƙo daga benci kuma kowa ya wuce sai ya goge shi. Mai saye da ya ji a takure ba ya tsayawa ya duba, alhali dubawar ce ke kawo saye. Na fi yarda da tsarin farko.

Bencin tsakiya mai 1.2 da 3.6, wanda ya bar hanya a kansa biyu, zai ɗauki tukwane masu faɗin baki santimita 15 guda 8 a jere sau 24, wato 192. Masu santimita 20 guda 108. Masu santimita 30 guda 48 kawai. Faɗin baki ya ninka biyu, yawan tukwane ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan adadin tukwane a manne da juna ne. Shuka mai yaɗo tana son sarari, don haka da faɗin ganyenta za ka yi lissafi. Kada kuma ka manta nauyi: in kowace tukunya ta kai kilo 4 bayan ban ruwa, 108 sun zama kilo 432 a kan benci ɗaya. Faɗa wa mai walda ko kafinta wannan adadi kafin ya zaɓi kaurin ƙafafu.

Rufin rumfar zaɓi biyu ne. Ragar inuwa ana sayar da ita bisa kason hasken da take tarewa, kamar 30, 50 ko 75 cikin ɗari. Iska da ruwan sama suna ratsa ta, kuma ga haɗakar dashe mai 50 takan wadatar. Ledar rufi mai haske tana tare ruwa da sanyi, amma tana tara zafi in gefuna a rufe suke. Yanayin wurinka ne zai raba gardama. Ko wacce ka zaɓa, tambayi faɗin naɗin kafin ka kafa ginshiƙai, ka daidaita tazararsu da shi, ka ƙara abin ɗaurewa a kowane gefe.

Ƙasar rumfa tsakuwa ta fi kankare, domin ruwa yana nutsewa. Kaurin santimita 5 a kan murabba'in mita 30 zai ci lita 1,500 na tsakuwa. Ka ba ƙasar gangare na santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ya nufi nesa da ƙofar ɗaki. Rufin ɗakin kuma zai iya tara maka ruwa: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai 3.6 da 3.6, in aka haɗa da bakinsa, kusan murabba'in mita 13 ne, ruwa mai milimita 20 zai ba da kusan lita 260. Tankin da zai karɓe shi ma yana son wurin zama, sai ka zana shi tun yanzu.

Kafin ka biya kowa, tambayi hukumar tsara gine-gine ta yankinka tazarar da ake bari daga titi da iyakar maƙwabci. In aka ce ka ja baya da mita ɗaya a gefen mita 8, murabba'in mita 8 sun tafi, fili ya koma 8 da 5, lissafin benci kuma sai an sake shi. Daga nan ka zana komai a takarda mai layukan da suka raba ta gida-gida, kowane gida ya tsaya a matsayin santimita 50. Sannan ka koma filin da turaku da igiya ka fitar da ɗakin, benci da hanyoyi a ƙasa, ka tura baro ɗauke da buhu daga bakin shiga zuwa ƙofar ɗaki, ka juya da shi ka dawo. Duk inda tayar ta taka igiya, nan za ka faɗaɗa hanya ko ka rage benci, sannan ka kai wa mai sayarwa awon da ya rage.