Maginan da suka gyara mana masallacin gandu a hanyar Miriya

A gandun kakanmu da ke hanyar Miriya, gabas da Damagaram, akwai ƙaramin masallaci na ƙasa wanda marigayin ya gina domin iyalinsa da ƴan ƙodagon da ke kwana a gona da damina. Sahu biyu kawai yake ɗauka. Farin 1973 ya rage mutanen gandun, na 1984 ya kwashe sauran zuwa unguwannin Birni da Zango a Damagaram, daga nan aka daina kiran salla a wurin, rufin ya lotsa, jemagu suka tare a ciki.

Bana da rani muka ɗauki wani magini na gargajiya da yaransa huɗu. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ya ƙi shawarar baffana ta a shafe bangon da siminti, ya bayyana masa cikin ladabi cewa siminti ba ya kama jikin ƙasa, yana riƙe danshi a bayansa har bangon ya ruɓe ba a sani ba. Sun kwaɓa ƙasa da ciyawa, suka bar ta ta kwana biyu tana tsima, suka mulmula tubali irin na asali, sannan suka yi yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa. Azarar giginyar da kakanmu ya sa, wadda gara ba ta ci ba duk tsawon shekarun nan, sun mayar da ita mazauninta, guda shida kawai suka canja. Zanen da ke saman alƙibla kuwa, wanda na ɗauka ya tafi ke nan, maginin ya bi sawunsa da hannu har ya fito, kuma ban ɓoye hawayena ba ranar da na gan shi.

Aikin bai rasa aibu ba. An yi alkawarin mako uku, ya kai bakwai saboda neman azara, kuma kuɗin makuba ba ya cikin cinikin farko, sai daga baya aka kawo mana shi. Indararon gabas ma ya yi gajere, ruwan farko ya zubo a gindin bango. Na sanar da maginin, ya zo da kansa ya canja shi ba tare da ya karɓi ko dala ba.

Duk mai tsohon ginin ƙasa zan tura shi wurinsu, amma ya rubuta kuɗin kaya tun kafin a fara.