Uluru, Coober Pedy ko Purnululu: ina ya kamata mai son duwatsu masu launi ya kai kuɗinsa a hamadar Ostireliya?

Launin da ake gani a hotunan duwatsun tsakiyar Ostireliya ba ya wuni. Daga hantsi zuwa la'asar rana tana tsaye a ka, haskenta ya wanke komai, dutsen da aka ce ja ne sai ka gan shi ruwan ƙasa mai duhu-duhu. Jan nan mai kama ido, da rawaya da shunayya, suna fitowa ne daf da ɓullowar rana da kuma gab da magariba, na ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka duk wanda zai biya kuɗin wannan tafiya, abin da ya kamata ya lissafa shi ne asuba nawa da yamma nawa zai samu a gaban dutsen. Kamfanin da ya nuna maka jerin wurare bakwai cikin kwana huɗu, yawancin abin da zai sayar maka zaman mota ne.

Ga kuma nisa. Daga Adeled a kudu zuwa Darwin a arewa kusan kilomita 3,000 ne, kuma wuraren da ake magana a kansu sun warwatsu a manyan yankuna uku na ƙasar. Mai mako ɗaya ya zaɓi yanki guda ya zauna masa.

Uluru shi ne wanda kowa ya sani, kuma shi ne mafi sauƙin kaiwa. Akwai filin jirgi kusa da garin masu yawon buɗe ido na Yulara, jirage na zuwa kai tsaye daga Sidni da Melbon. Mai son tuƙi kuma zai taso daga Alice Springs, wajen kilomita 450, kwalta ce har bakin dutsen. Dutse ne guda ɗaya tal a tsakiyar fili, tsayinsa mita 348, kewayensa ya haura kilomita 9. Asalin jikinsa ruwan toka ne. Ƙarfen da ke cikin yashin da ya haɗa shi ne ya yi tsatsa a fatarsa ta waje, shi ya sa ya zama ja. Wannan ya kamata mai saye ya fahimta: Uluru launi ɗaya gare shi, sai dai launin yana sauyawa da haske, daga ruwan goro zuwa ja jawur zuwa shunayya kafin duhu ya rufe shi. Wanda ke neman dutse mai zane-zanen launuka daban-daban a jiki ɗaya, ba nan zai same shi ba.

An daina hawa dutsen tun ranar 26 ga Oktoba 2019. Mutanen Anangu, 'yan asalin yankin waɗanda aka mayar wa mallakar wurin a 1985, sun daɗe suna roƙon a bari, domin wuri ne mai alfarma a wurinsu. Ni ban ga asara a nan ba. Zagayen gindinsa da ƙafa, kilomita 10 da 'yan kai, shi ke nuna maka kogunansa da tafkin Mutitjulu da zane-zanen mutanen da a jikin bango, abubuwan da mai hawa ke wucewa bai gani ba. Akwai sassan da aka sa alamar hana ɗaukar hoto, kuma da gaske ake yi, a kiyaye.

Tikitin shiga gandun ƙasar da Uluru yake ciki na kwana 3 ne, kuma ya haɗa da Kata Tjuta, wajen kilomita 50 daga Yulara. Can tulluwar duwatsu ce guda 36, mafi tsayinsu ya kai mita 546 daga ƙasa, wato ya fi Uluru kansa. In da za a tilasta ni in zaɓi tafiyar ƙafa ɗaya a duk yankin, ta cikin kwarin iska na Kata Tjuta zan ɗauka, kilomita 7.4, domin a nan mutum yana tsakiyar duwatsun, suna kewaye da shi ta kowane ɓangare. Ranar da aka yi hasashen zafi zai kai digiri 36, ana rufe mafi yawan hanyar tun ƙarfe 11 na safe. Mai ƙarin kwana biyu ya ƙara da Kings Canyon, wajen kilomita 300 daga nan, shi ma a kan kwalta: ganuwar dutse ja mai tsayin mita 100, da zagayen kilomita 6 ta saman bakinta wanda ke farawa da matakala kusan 500 a tsaye. Mai ciwon gwiwa ya bi gajeriyar hanyar cikin kwarin.

Matsalar Uluru biyu ce, tsada da cunkoso. Ba a kwana a cikin gandun, kuma masaukai kusan duka suna Yulara a ƙarƙashin kamfani ɗaya, saboda haka kusan babu gasar farashi. A watannin sanyi ɗakuna na ƙarewa tun da wuri. Wurin kallon faɗuwar rana kuwa cike yake da motoci da manyan bas-bas. Duk da haka, ga mai zuwa karon farko, ko mai tafiya da iyali da dattawa, ko wanda bai saba tuƙi a hannun hagu ba, nan ne zaɓin da ba ya ba da kunya.

Amma idan launi ne zalla ya kawo ka, ni zan tura ka kudu, Coober Pedy. Gari ne na masu haƙar dutsen ofal mai daraja, kilomita kusan 850 arewa da Adeled a kan babbar hanyar Stuart. An gano ofal a wurin a 1915, kuma zafi ya sa mutane da yawa suka haƙa gidajensu cikin tsauni suna zaune a ƙarƙashin ƙasa, inda ɗaki ke zama da sanyi-sanyi rani da damina ba tare da na'ura ba. Akwai otal-otal na ƙarƙashin ƙasa, kuma kwana a cikinsu ya fi na Yulara araha. Kilomita 30 da ɗan ɗori daga garin akwai Kanku-Breakaways, ƙananan tsaunuka masu shafaffen kai da suka rage bayan ruwa da iska sun cinye sauran tudun. Yankin ƙasan teku ne a da can, miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma kowane rukunin laka da ya kwanta ya bar launinsa: fari fat, rawaya, ruwan goro, ja, ruwan ƙasa, ɗaya a kan ɗaya. Akwai tsaunuka biyu maƙwabta, ɗaya fari ɗaya ruwan ƙasa, waɗanda 'yan asalin wurin ke kira karnuka biyu. Ana sayen izinin shiga kafin a tafi. Hanyar burji ce, amma in babu ruwan sama ƙaramar mota tana bi, kuma akwai masu kai mutane daga cikin gari da yamma. Hanyar zagayen tana bi ta jikin shingen nan mai tsawon sama da kilomita 5,000 da aka kafa domin tsare tumakin kudu daga karnukan daji da ake kira dingo.

Gaba da nan, a kan hanyar garin Oodnadatta, akwai wurin da suke kira fentacciyar hamada, cikin wata makekiyar gonar kiwon shanu mai suna Arckaringa. Irin ƙasar Breakaways ce, sai dai ta fi faɗi, tsaunukan sun fi yawa, mutane kuma ƙalilan ne. A ganina babu inda ya kai nan kyau da asubahi a duk wuraren da na ambata. Farashinsa kuwa ba na tikiti ba ne, na hanya ne. Fiye da kilomita 100 na burji da tsakuwa za ka bi, babu gidan mai a tsakani, ga yashi a mashigar rafuka. Yayyafi kaɗan ya isa ya mayar da hanyar taɓo, hukuma ta rufe ta, wanda ya bi rufaffiyar hanya kuma tara ce a kansa. Akwai wurin kafa tanti da 'yan ɗakuna a gidan gonar, kuma kwana a nan shi ne dabara, tunda wanda ya taso daga Coober Pedy da safe zai isa bayan launin ya tafi. Ƙasar tsaunukan mai rugurgujewa ce, sawun ƙafa na daɗewa a jikinta, don haka a tsaya kan turbar da aka shata.

A nan ne maganar hayar mota take da muhimmanci, kuma a nan mutane ke tafka asara. Yawancin kamfanonin haya sun rubuta a yarjejeniyarsu cewa inshora ba ta aiki da zarar ƙaramar mota ta sauka daga kwalta. Wasu har jif mai jan taya huɗu suna da jerin hanyoyin da suka hana a bi da ita. Kafin ka biya, ka rubuta musu sunan hanyar da za ka bi, su amsa maka a rubuce. Ka tambayi ko akwai iyakar kilomita a rana, domin a wannan yanki iyakar na cika kafin azahar. Ka tambayi safayar taya nawa ce. Kada ka yi tuƙin magariba ko na dare: kangaru da shanu da raƙuman daji suna fitowa kan titi, ga kuma tireloli masu jan akwati uku zuwa huɗu, tsawonsu ya haura mita 50, waɗanda wuce su ke buƙatar fili mai nisa.

Na uku shi ne Purnululu, can arewa maso yamma a yankin Kimberley, wanda aka fi sani da Bungle Bungle. Dubban tulluwar dutsen yashi ne a jere kamar rumbuna a bayan gari, kowanne da ɗamarar ruwan goro da baƙi-baƙi, layi bisa layi. Baƙin layin wasu ƙananan halittu ne da ke rayuwa a inda dutsen ke riƙe danshi, ruwan goron kuma tsatsar ƙarfe ce a inda ya bushe. Mutanen Gija da Jaru, 'yan asalin yankin, sun san wurin tun kaka da kakanni, amma sauran duniya ba ta ji labarinsa ba sai a 1983, lokacin da masu ɗaukar fim suka nuna shi. An mayar da shi gandun ƙasa a 1987, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2003. Daga babbar hanya zuwa cikin gandun kilomita 53 ne kacal, amma sai jif mai tsayin ƙafa, kuma tafiyar tana cin awa 2 zuwa 3 saboda duwatsu da tsallaka rafuka. Ana rufe hanyar a damina, wajen Disamba zuwa Maris. Babu mai, babu kanti a ciki.

Wanda ba ya son wannan wahala zai hau ƙaramin jirgi daga garin Kununurra. Shawagi kawai ya fi araha, kuma daga sama ne ake ganin yawan tulluwar, amma ni da zan ƙara kuɗi in ɗauki wanda ke sauka, a yi tafiyar ƙafa zuwa wani kwari a cikin gandun mai suna Cathedral Gorge. Ga mai kwana a ciki akwai tsagin Echidna, matsattsen rami tsakanin bango biyu masu tsayin gaske, inda a wasu wurare kafaɗa ke kusan taɓa gefe da gefe. Shi kaɗai ne ya saɓa wa ƙa'idar asuba da yamma, domin sai tsakar rana haske ke faɗawa cikinsa bangon ya kama ja. Purnululu ya fi sauran tsada da nisa, kuma ba ya haɗuwa da su a mako ɗaya. Na wanda ya riga ya ga tsakiyar ƙasar ne, ko mai ɗaukar hoto da ya san abin da yake nema.

Wanda aiki ko karatu ya kai shi Alice Springs, kuma yana da yamma ɗaya kacal, ya nemi mai kai shi Rainbow Valley, wajen kilomita 100 kudu da garin. Ganuwar dutse ce mai jan kai da farin gindi a bayan wani busasshen fadama, tana fuskantar faɗuwar rana.

Lokacin zuwa duk wuraren nan shi ne Mayu zuwa Satumba. Yanayinsu kishiyar namu ne, Yuni da Yuli su ne tsakiyar hunturu, kuma a tsakiyar hamadar sanyin dare yakan sauka zuwa digiri sifili, saboda haka rigar sanyi mai kauri wajibi ce ga mai fita kallon asuba. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi na wuce digiri 40. Kada wani ya ce ai mu mun saba da rana. A can babu rumfa, babu rijiya, babu ƙauye a gaba, kuma layin waya na ɗaukewa da zarar an bar gari. Masu kula da gandun suna ba da shawarar lita ɗaya ta ruwa ga kowace awa ta tafiyar ƙafa. In zafi ya fara, ƙudaje na damun fuska sosai, ragar da ake sawa a kan hula tana da arha, a saya.

Musulmi zai samu masallaci a Alice Springs, wanda sunansa ke tunawa da masu raƙuman da aka kawo daga Afganistan da ƙasashen da ke kusa da ita a ƙarni na 19, su ne suka riƙa kai kaya cikin hamadar kafin jirgin ƙasa ya iso. Daga su jirgin ƙasan Ghan mai bi daga Adeled zuwa Darwin ya samo sunansa. Jirgi ne na alfarma mai tsadar gaske, kuma tsayawarsa gajera ce, bai dace da mai farautar hasken asuba ba. Bayan Alice Springs naman halal sai an dace, don haka a yi guzurin kifin gwangwani da busassun kaya daga babban gari. Guzurin gida kuwa a yi hattara da shi: Ostireliya na da tsauraran dokoki kan shigo da nama da iri da ganye, duk abin ci da ke jakarka sai ka bayyana shi a takardar shiga, kuma kilishi ba zai wuce ba. Mai tasowa daga Nijeriya ko Nijar ko Gana ya riƙe katin rigakafin shawara. Bizar baƙo takan ɗauki lokaci kafin ta fito, saboda haka ɗakin Yulara ko kujerar jirgin Kununurra da za ka kama tun da wuri, ka ɗauki irin wanda ake mayar da kuɗi in an fasa, ko da ya ɗan fi tsada.