Bashin NELFUND ko tallafin karatu kyauta?

Tallafin karatu irin na PTDF, asusun gwamnatin Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur, kyauta ne, ba a biyan ko kwabo daga baya. Sai dai gurabensa kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ƙasa, kuma ya fi karkata ga fannonin da suka shafi mai da iskar gas.

Bashin NELFUND (asusun gwamnatin Najeriya na bai wa ɗalibai bashin karatu), wanda aka fara nema a watan Mayun 2024, ƙofarsa ta fi faɗi ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma ya samu naira 20,000 duk wata. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Amma bashi sunansa bashi: shekara 2 bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

A ganina ɗan talaka ya nemi duka biyun, kada ya zauna jiran na kyauta har a rufe rajista.

'Yan damfara sun fi fakewa da na kyautar. Saƙo zai shigo WhatsApp wai an zaɓe ka, alhali ba ka nema ba, a ce turo “kuɗin fom” da lambar sirrin katinka na banki. NELFUND da PTDF ba sa sayar da fom, a shafinsu na intanet ake cikewa.