Sharhi kan wani kamfanin talla da 'yan TikTok a Kano: kallo ya samu, ciniki bai biyo baya ba

A 'yan shekarun nan ƙananan kamfanoni sun ɓullo a Kano waɗanda sana'arsu ita ce haɗa 'yan kasuwa da masu tarin mabiya a TikTok da Instagram domin a tallata musu kaya. Shagonmu na atamfa da leshi da ke Kantin Kwari ya yi aiki da ɗaya daga cikinsu a azumin da ya gabata, kuma ina ganin ya dace abokan sana'a su san abin da ake saya idan an biya wannan kuɗi. Ba zan kama suna ba, domin matsalar da na gani ta fi ƙarfin kamfani guda.

Ta fuskar aikin hannu ba ni da ƙorafi. Sun zo a kan lokaci da kyamara da fitilu, sun girmama yaran shago, sun ba da rasiti, kuma bidiyon ya fito tsaf.

Inda aikin ya karye shi ne wajen zaɓen wanda zai yi tallar. Jerin sunayen da suka gabatar an tsara shi ne bisa yawan mabiya kawai, farashi kuma yana hawa daidai da wannan adadi. Na nemi a nuna mini shekarun mabiyan da garuruwan da suke zaune, bayanin da TikTok da Instagram suke ba mai shafi, amma ba a kawo ba, sai dai aka tabbatar mini cewa matashin da suka ba da shawara a kansa, wani mai barkwanci, duk Arewa ta san shi. Gaskiya ne an san shi, amma samari da ɗalibai ne ke bibiyarsa don su yi dariya. Masu sayen kayanmu kuwa iyaye mata ne masu haɗa lefe, da 'yan sari daga Katsina da Maraɗi da Damagaram, waɗanda tambayarsu ita ce nawa ne turmi, kuma ko atamfar tana zuba idan an wanke. Taron da ya kalli bidiyon tamkar 'yan kallon hawan Daushe ne, sun cika hanya amma ba ciniki ya fito da su ba. Ko manyan kamfanonin duniya suna faɗawa wannan rami na dogaro da shahara kaɗai: a watan Afrilun 2017 Pepsi ya janye tallarsa da Kendall Jenner, fitacciyar mai tallar kayan sawa 'yar Amurka, kusan kwana guda bayan fitarta, har da ba da haƙuri, saboda saƙon ya ɓata wa mutanen da ake son jawowa rai.

Lokacin sakin bidiyon ma ya nuna cewa kamfanin bai san kasuwar ba. An sake shi ne bayan an shiga goman ƙarshe, alhali duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah a garin nan ya san cewa teloli da yawa sun daina karɓar aiki tun kafin lokacin. Kuma babu farashi a cikinsa, babu sunan layin da shagon yake, 'yan tsirarun da suka rubuta "nawa ne?" a ƙarƙashinsa kuwa ba wanda aka ɗora wa alhakin ba su amsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne launi. An ƙara wa hoton haske har wata atamfa mai ruwan goro ta koma kusan ruwan hoda. Wata dattijuwa ta zo da 'yarta tana riƙe da waya, na warware mata turmin a gabanta, ta dubi wayar, ta dubi kayan, ta ce, "Alhaji, ai ba ita ba ce." Ita ce, amma ba ni da bakin musu, domin abin da idonta ya gani daban ne. A kasuwar da ake gadon abokan ciniki daga uwa zuwa 'ya, asarar yardar mace ɗaya irin wannan ta fi asarar kuɗin tallar ciwo.

Yarda ce kuma kamfanin bai ba muhimmanci ba. Ba a yi mako ba matashin ya tallata wani shagon atamfa da kusan kalmomin da ya yi amfani da su a namu, sannan ya biyo da man shafawa na canza launin fata, kuma yarjejeniyar ba ta hana ko ɗaya ba. Haka nan babu inda aka bayyana cewa tallar biya ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a watan Oktoban 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba tare da faɗin cewa an biya ta dala 250,000 ba. A Najeriya ma dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da harkar talla, a madadin tsohuwar hukumar APCON ta ba ta ikon tantance tallace-tallace har da na kafafen sada zumunta, amma ba a taɓa ɗaga mana wannan magana ba. A Kano kuma, inda Hisbah ta sha gayyatar 'yan TikTok kan abin da suke wallafawa, duk wanda ka haɗa sunan shagonka da shi ka ɗauki halinsa ka rataya a ƙofarka.

Cinikin da muka iya dangantawa da intanet a wannan kaka ya zo ne ta hannun wata mai ɗinki da mabiyanta ba su taka kara sun karya ba. Ta sayi atamfa a wurinmu, ta ɗinka, ta nuna ta bayan wanki a hasken rana, ta faɗi farashi, kuma mata suka riƙa zuwa suna ambaton sunanta, domin sun san ta san kaya.

Rahoton da kamfanin ya miƙa a ƙarshe hotunan adadin kallo ne zalla, ba tare da wata hanyar sanin wanda ya kira ko ya saya ba. Zan iya sake ɗaukarsu don ɗaukar hoto, amma ba don zaɓen mai talla ba, sai in sun amince a rubuce da nuna bayanan mabiya kafin biya, da tsayar da ranar saki tun farkon azumi, da hana tallar abokin gasa na wani lokaci, da ba kowane mai talla lambar waya ta daban domin a san kiran da ya zo ta hanyarsa.